Zafi mai laima a kundin tsofaffin jiragen ruwan soja: a yarda da lambobin nan kuwa?

Dan_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masana yanayi ce, da waɗanda suka taɓa aikin jirgin ruwa a cikinmu. Kwanan nan na duƙufa karanta kundin jiragen ruwan sojan Ingila na lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda aka ɗauki hotonsu aka zuba a intanet. Kowane shafi kwana ɗaya ne. An ja layuka ana cika inda iska ta fito, ƙarfinta, nauyinta, zafinta da zafin ruwan teku, sannan a gefe a rubuta abin da aka wuni ana yi: an wanke saman jirgi, an ɗauki kwal, mutum kaza na kwance ba lafiya. Zafin iska gida biyu aka ba shi, na busasshen ma'auni da na jiƙaƙƙe.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne jiragen da watannin Yuli da Agusta suka riska a Tekun Fasha da Bahar Maliya. Akwai inda jiƙaƙƙen yake kai 90 da 'yan kai a Faranhait, wato 32 zuwa 34 a Salshiyos. Ni kuwa abin da na sha ji shi ne idan jiƙaƙƙe ya kai 35, ɗan Adam ba ya wuce 'yan sa'o'i. Amma a shafin nan dai sai ka ga an rubuta ma'aikata na fenti, wasu na gyaran igiya, kamar ba a yi komai ba. Ko dai lambobin ba daidai ba ne, ko mutanen da ƙarfe ne, ko kuma masanan yanzu sun zuzuta. Wanne ne?

Sarkin_Zolaya:
Wa alaikumus salam. Malam, kana zaune a Gwammaja ba wuta, fanka a tsaye, amma zafin Bature na shekara ɗari ne ya hana ka barci?

Dan_Gwammaja:
@Sarkin_Zolaya rashin wutar ne ya ba ni lokacin karatu.

UmmuSadiq:
Don Allah kafin a yi nisa a yi mana bayanin jiƙaƙƙen ma'aunin nan. Ni a asibiti ma'aunin zazzaɓi kawai na sani. Kuma yaya za a ce 35 na kisa, alhali Sakkwato tana haura 42 mutane na cin kasuwa?

MalamNaTaswira:
Hajiya, ma'auni biyu ne iri ɗaya ake jerawa kusa da juna. Ɗaya a bar shi haka nan, shi ne busasshe, shi ne wanda rediyo ke faɗa. Ɗayan a naɗa wa gindinsa ƙyalle marar kauri, a saka lagwani daga ƙyallen zuwa ɗan kwalban ruwa, kullum yana jiƙe. Ruwan yana bushewa yana tafiya da zafi, sai ma'aunin ya sauka. Abin da randa ke yi ke nan: tana tsattsafo ta jikinta, iska na busarwa, ruwan ciki na sanyi. Idan iska a bushe take, jiƙaƙƙen zai faɗo ƙasa sosai. Idan ta riga ta ƙoshi da laima, babu inda ruwan zai je, sai ma'aunan biyu su tsaya kusan kai ɗaya.

Jikinmu da zufa yake wannan aikin. A Sakkwato ko Kano cikin Afrilu, busasshe na iya cewa 41, jiƙaƙƙe bai wuce ashirin da 'yan kai ba, don haka in kin samu inuwa da ruwan sha, zufa za ta fid da ke. A Legas busasshe 33 ne kawai, amma jiƙaƙƙe 27 ko 28, shi ya sa Bakano ke wanka ya fito yana ɗiga. Fatar mutum kanta wajen 35 take. Idan jiƙaƙƙe ya kai nan, zufa ko ta cika bokiti ba ta sanyaya komai. Masana biyu, Sherwood da Huber, su suka fitar da wannan iyaka a 2010.

UmmuSadiq:
Allah ya saka da alheri Malam. Ashe shi ya sa randar da na kai wa 'yata Fatakwal ta ce ba ta yin sanyi, na ɗauka raki ne.

Baba_Apapa:
Bari tsoho ya saka baki. Na yi aikin jirgin dakon kaya tun ina saurayi, na fara a sama kafin na koma ɗakin inji. Jirginmu yana cikin masu aika rahoton yanayi sau huɗu a rana, kowane awa shida. To ɗana Dan_Gwammaja, ka san wa ake aikawa ya karanto lambar? Mafi ƙanƙanta a duti. Ƙarfe uku na dare, ido na rufewa, a ce je ka akwatin ma'auni. Farin akwati ne mai tsaga-tsaga a gefen ɗakin tuƙi. Ka buɗe ka haska tocila, sau da yawa kwalbar ruwan ta ƙafe tun jiya ba wanda ya kula. Ƙyallen ya yi tauri da gishirin feshin teku, in ka taɓa shi har ƙara yake kamar takarda. Jiƙaƙƙen ma'aunin da ba ruwa ai busasshe ne na biyu. Yaro mai gaskiya zai zuba ruwa ya jira kamar kwata, ya dawo ya karanta. Yaro mai barci zai rubuta abin da ya gani ya koma. Akwai ma wanda ba ya fita, ya dubi abin da na baya ya rubuta ya rage ɗaya. Na ga duka ukun da idona. Kuma wannan a zamaninmu ne da ake da tocila mai batir da ruwan da aka tace.

Injiniya_MK:
Baba ya taɓo inda gizo ke saƙar. Ku lura da abu ɗaya: kusan duk wata matsala da za ta samu jiƙaƙƙen ma'auni, sama take tura lambar. Lagwani ya bushe, sama. Gishiri ya kama ƙyalle, ruwa ba ya bushewa da sauri, sama. An rataye shi a lungun da iska ba ta ratsawa, sama. Rana ta gasa ƙarfen jirgi yana huro zafi cikin akwatin, sama. Da wuya ka samu kuskuren da zai sa ya faɗi ƙasa da gaskiya. Saboda haka idan ka ɗebi shafi dubu ka tsinci lamba mafi girma, to ka tsinci ranar da aka fi sakaci ne, ba lallai ranar da aka fi zafi ba.

Ko busasshen ma, masu nazarin yanayin teku sun fi dogara da awon dare, don na rana jikin jirgi ya ɓata shi. Sannan @Dan_Gwammaja ka tabbata ba layin ma'aunin da ke manne da ma'aunin nauyin iska kake karantawa ba. Wancan a cikin ɗaki yake, aikinsa a gyara lissafin zaiba, zafin ɗakin yake faɗa.

Dan_Gwammaja:
Injiniya, layin daban yake, yana kusa da na nauyin iska, na bambance su. Amma akwai inda na ga jiƙaƙƙe ya fi busasshe da ɗaya ko biyu.

Injiniya_MK:
Wannan kam ba ya yiwuwa a irin wannan zafi. Ko an musanya gidajen, ko ma'aunan biyu ba su daidaita da juna ba. Irin wannan shafi zubar da shi ake yi.

Bakano_a_Dammam:
Ina jin ku kuna ta ɗora wa yaro mai barci laifi, to ku zo Dammam a Agusta. Ina fitowa daga mota mai na'urar sanyi, tabarau na ya rufe ruf da raɓa, wayar hannuna ta jiƙe kamar na tsoma ta a ruwa. Da asuba gilasan gidaje zuba suke yi, kwalta ta yi danshi ba a yi ruwa ba. Tafiya daga gida zuwa masallaci, jallabiya ta manne a baya. A Zahran, nan kusa da mu, ranar 8 ga Yuli 2003 an auna zafi 42, matakin da raɓa ke sauka, mai nuna yawan laimar iska, kuma 35, kuma tashar awon yanayi ce ta auna, ba yaron jirgi ba. A Bandar Mahshahr ta Iran ƙarshen Yuli 2015 zafi 46 ne, raɓa 32. Tekun Fasha ba shi da zurfi, a tsakiyar zafi ruwansa yana haura 33. Jirgin da ya yi anga a kan ruwa mai ɗumi haka, iska ta mutu, me zai hana jiƙaƙƙe ya kai 32? Ban ce duk lambobin gaskiya ne ba, amma wanda bai kwana a gaɓar nan ba zai yi saurin ƙaryatawa.

MalamNaTaswira:
Bakano ya yi gaskiya, kuma maganarsa ba ta rushe ta Injiniya ba. Hanyar tantancewa mai sauƙi tana nan a shafin: dubi zafin ruwan teku na wannan sa'a. A tsakiyar teku jiƙaƙƙe ba ya yi wa ruwan nisa ta sama. In ruwa na 91 a Faranhait jiƙaƙƙe na 88, sai in karɓa. In ruwa na 82 jiƙaƙƙe na 94, lagwani ne. Wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna tashoshi biyu, Jakobabad a Pakistan da Ras al-Khaima a Daular Larabawa, sun taɓa 35, amma na awa ɗaya ko biyu. A nan amsar tambayar farko take ɓoye: lambar da ke cikin kundi ta minti ɗaya ce, iyakar da masana ke faɗa kuwa ta wanda ya ɗauki sa'o'i a ciki ba sassauci.

DanDamagaram:
Ni fa abin da na fahimta daban ne. In shekara ɗari da suka wuce an auna irin wannan zafi, ashe zancen ɗumamar duniya kasuwa ce kawai. Zafi tun kaka da kakanni.

Injiniya_MK:
Ɗan'uwa, ba wanda ya ce Tekun Fasha ya taɓa zama Jos. Tambayar ita ce kwana nawa a shekara, kuma dare yana sauka ko ba ya sauka. Kundin nan ma su ne hujjar masu binciken, don da su ake gano yadda teku yake kafin a samu tauraron ɗan adam. Aikin Old Weather da aka buɗe a Oktoba 2010 don haka aka yi shi: 'yan sa-kai suka kwafe shafi sama da miliyan ɗaya na jirage kimanin 300, kowane shafi mutum fiye da ɗaya ya kwafa don a kama kuskure. Kafin shi an yi wani a Turai mai suna CLIWOC, na jiragen Ingila, Holan, Faransa da Sifen daga 1750 zuwa 1850. An kuma kwafe kundi kusan 900 na Kamfanin Gabashin Indiya, daga 1789 zuwa 1834. Kuma ba haɗiye lambobin ake yi haka nan ba. Har bokitin da aka ɗebo ruwan teku da shi sai da aka yi wa lissafi, domin na tamfol yana huce ruwa kafin a auna fiye da na katako, wanda aka auna ta bututun inji kuma yana fitowa da ɗan ɗumi.

DanDamagaram:
To ka ga ni, lamba sai an yi mata gyara sannan ta faɗi abin da ake so.

Injiniya_MK:
Gyaran bokitin tamfol ɗaga zafin shekarun baya ya yi. Wato rage girman ɗumamar ya yi a lissafi, bai ƙara ba. Mai son zuzutawa da ya bar shi yadda yake.

DanDamagaram:
Zan bincika da kaina.

Mai_Unguwa:
A yi haƙuri 'yan uwa, muhawarar ɗumamar duniya tana da zaurenta. A nan a tsaya kan jirage.

Baba_Apapa:
Madalla da Mai Unguwa. Ni abin da ke ba ni dariya, duk kuna faɗa a kan akwatin da ke sama, inda iska ke kaɗawa, inda hafsoshi suke ƙarƙashin rumfar tamfol. Zafin jirgi a ƙasa yake, kuma kundin da kuke karantawa ba ya sauka can.

Na ratsa Bahar Maliya a ɗakin inji cikin watan zafi. Ruwan da muke jawowa daga teku don ya huce inji shi kansa da ɗumi yake shigowa. Fankar da ke turo iska daga sama wuta take turowa. Ƙarfen matakala ba ya kamuwa sai da tsumma. Kafin rabin duti takalmin aiki ya tara ruwa, kana tafiya yana cakal-cakal, sai ka cire ka juye. In rigar aikin ta bushe sai ka ga zanen gishiri fari a baya da hammata, ta tsaya da kanta. Ƙurajen zafi kuwa ba a magana, wuya da cinya kamar an watsa barkono. Abin tsoro shi ne lokacin da zufa ta ɗauke. Wani abokin aikina mutumin Kalaba yana tsaye yana duba mai, sai ya fara ba ni amsar da ba ita na tambaya ba, na taɓa hannunsa a bushe ƙamas, da zafi kamar gefen murhu. Mu huɗu muka ɗauko shi zuwa sama, aka kwantar da shi a ɗakin sanyin kayan miya ana zuba masa ruwa. Ya tashi, amma a tashar gaba aka sauke shi. Na tabbata abin da aka rubuta a sama ranar bai wuce layi ɗaya ba.

Mu kuma injin dizal ne. Ku auna masu zuba kwal da shebur a bakin wuta awa huɗu.

UmmuSadiq:
Baba, abin da ka bayyana shi ne bugun zafi sak. Ruɗewar magana ita ce alamar da muke tsoro, ko da zufa ba ta ɗauke ba. Kuma abin da kuka yi shi ne daidai, a fara hucewa kafin a nemi mota. A aikin Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu, yawancinsu zafi ne, ga shi Makka ma ba ta kai Jidda laima ba. Ina ganin kada a riƙe 35 ɗin nan kamar kafin a kai ta lafiya lau ne. Tsoho mai hawan jini ko mai ciwon suga tun can ƙasa yake faɗuwa.

MalamNaTaswira:
Haka ne Hajiya. Tun 1905 wani likitan Birtaniya, John Scott Haldane, ya shiga ramukan haƙar kuza a Kwanwal da ɗakunan tururi yana auna kansa, ya gano cewa jiƙaƙƙe ne abin dubawa, kuma in ya wuce 88 na Faranhait, wato 31, a inda iska ba ta motsi, zafin jiki yana ta hawa ko mutum na zaune. Gwajin da aka yi a wata jami'ar Pensilbaniya a 2022 kan matasa masu lafiya ya dawo kusan kan wannan lamba. Saboda haka @Dan_Gwammaja, masanan yanzu ba su zuzuta ba, in ma akwai wani abu to 35 ta yi sassauci.

Dan_Gwammaja:
To in haka ne tambayata ta ƙara tsauri. Ko mun zubar da rabin lambobin saboda lagwani, sauran da ke 88, 89 fa? Yaya aka yi suna fenti?

Baba_Apapa:
Ɗana, "ana fenti" a kundi ba ya nufin ana fenti. Yana nufin an ba mutum gwangwani da buroshi.

Yar_Lokoja:
Baba ya kashe ni da dariya, amma gaskiya ya faɗa. Kundin jirgi takardar hukuma ce, in jirgi ya yi karo ko ya nutse ita za a kai gaban kotun soja. Ba wurin kuka ba ne. A ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew, kundin jirage suna ƙarƙashin lamba ADM 53, littattafan likitocin jirgi kuma ADM 101. Wanda ke son sanin wa ya faɗi, wa ya suma, wa aka yi wa jana'iza a teku, na biyun zai nema. A kundin kansa abin da za ka bi shi ne adadin marasa lafiya da ake sakawa kullum. Misali jirgin HMS Africa a Firitawun ta Saliyo, Satumba 1918, lokacin murar nan da ta game duniya: adadin ya yi ta hawa har 476, mutum 52 suka mutu, amma layukan iska da zafi ana nan ana cika su.

Wasiƙun ƙananan ma'aikata ma sun fi faɗin gaskiya. A jirgin ƙarfen Amurka USS Monitor, lokacin zafin 1862 a kogin James, wani ma'aikacin inji mai suna George Geer ya rubuta wa matarsa cewa ya zagaya da ma'auni, ɗakin girki ya haura 150 na Faranhait. Wato sama da 65 a namu.

Zango_Kumasi:
Tambaya: su waye ma ke zuba kwal ɗin? Na ji an ce ba Turawa ba ne.

Yar_Lokoja:
Ya danganta. A jiragen yaƙi yawancinsu talakawan Ingila ne, amma a gaɓarmu ta yamma suna ɗaukar Kuru, mutanen Laberiya, a tekun Indiya kuma suna ɗaukar 'yan gabashin Afirka da suke kira Sidi, da yawansu bayi ne da aka ƙwato daga jiragen fatake. Jiragen kasuwa kuwa, bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, sai suka cika ɗakin wuta da Indiyawa, Yamalawa da Somaliyawa, ana ɗibarsu a Bombay da Adan. Hujjar da ake bayarwa wai jikinsu ya saba da zafi. Albashinsu dai bai kai na Bature ba, ina ganin hujjar gaskiya ke nan. Zuriyar Yamalawan nan suna nan har yau a Kadif da South Shields.

Zango_Kumasi:
Wato dai baƙin mutum ba ya jin zafi sai in ana neman mai arha.

Fallata_BurSudan:
Salamu alaikum, ina bin ku daga bakin Bahar Maliya. Mu nan ba sai mun buɗe kundi ba. A Bur Sudan in Agusta ta zo, wanda ke da hali yakan tura iyali Arkawit ko Sinkat kan dutse, saura kuma a fito da gado waje a yi ta juyi har asuba. Kakata daga ƙasar Katsina suka taso da ƙafa, shekaru suka yi a hanya suna noma suna gaba, suka tsallaka Jidda daga Sawakin a jirgin katako mai filafilai. Abin da ta fi ba mu labari ba igiyar ruwa ba ce, ranar da iska ta tsaya ce. Ta ce tamfol ya saki, teku ya kwanta kamar mai, ruwan sha ana rabawa da ɗan kofi, mata suna jiƙa mayafi a teku su lulluɓe yara, in ya bushe gishiri ya ci musu fata. Waɗannan ba wanda ya auna musu komai.

Wani abu kuma da tsofaffin ma'aikatan tasha ke faɗa: a arewacin tekun nan iska daga arewa take busowa kusan kullum. Jirgin da ya fito Suwez ya nufi kudu, in gudunsa ya zo daidai da na iskar, to a cikinsa ko gashi ba ya motsi, hayaƙi ma a kansa yake tsayawa. Har akan juya jirgi ya fuskanci iska na ɗan lokaci don mutanen ƙasa su sha.

Baba_Apapa:
Wallahi haka ne. Mai tafiya arewa yana shan iska, mai tafiya kudu yana dahuwa, a teku ɗaya rana ɗaya. Injiniya, wannan ma ka saka a lissafinka, don akwatin ma'aunin shi ma iskar yake jira.

Injiniya_MK:
Na karɓa Baba. Shi ya sa daga baya aka koma wa ma'aunin da ake wulwulawa da hannu, ko mai ɗan fanka a ciki.

Yar_Lokoja:
Tunda an zo kan iska a cikin jirgi, bari in kawo ta gida. A 1841 Ingila ta turo jirage uku masu tururi su hau Kwara: Albert, Wilberforce da Soudan. A lokacin sun yi imani zazzaɓi daga ruɓaɓɓiyar iskar fadama yake zuwa, sai wani Dakta David Boswell Reid ya ƙera musu na'urar tace iska, da fankoki da bututu zuwa kowane ɗaki. Sauro bai san da zancen ba. Turawa kimanin 40 suka mutu. Albert ya kai Egga a ƙasar Nufe, a dawowa injiniyoyi duk suna kwance, sai masanin duwatsu Dakta Stanger ya buɗe littafi yana karantawa yana tayar da inji, likitan jirgin McWilliam yana tuƙi. A wannan tafiya akwai Samuel Ajayi Crowther da J. F. Schön, wanda ya fitar da littafin kalmomin Hausa a 1843. Da wani likita mai suna William Baikie ya zo da jirgin Pleiad a 1854 ya hau Binuwai, kwinin ya riƙa ba mutanensa kullum, ba wanda ya mutu. Na kawo wannan ne don in ce mutuwar da ka gani a kundin jirgi a ƙasar zafi, ba duka zafi ya yi ta ba, ko da su sun ɗora masa.

Sarkin_Zolaya:
Daga Tekun Fasha mun sauka Lokoja. Saura kaɗan mu iso Gwammaja a kawo wuta.

Ɗalibar_Kimiyya:
Don Allah Malam, yaushe aka fara wannan awon a jirage? Ina nufin na zamanin filafilai su ma suna da jiƙaƙƙen ma'auni?

MalamNaTaswira:
Yawancinsu babu. Kundin 1700 da wani abu iska da hanya da nisan tafiya suka fi ƙunsa, zafi sai jefi-jefi. Francis Beaufort ya tsara ma'aunin ƙarfin iska a 1805, sojan ruwan Ingila suka wajabta shi a 1838. Taron Brasels na 1853, wanda Matthew Maury na sojan ruwan Amurka ya jawo, shi ya sa ƙasashe suka yarda da fom iri ɗaya. Shekara ta gaba Ingila ta buɗe ofishin yanayi ƙarƙashin Robert FitzRoy, yana ba kyaftin-kyaftin aron ma'aunan da aka gwada. Saboda haka in wani ya nuna miki lambar laima daga jirgin 1780, ki tambaye shi da me aka auna. Wani tarko kuma: kafin 1805 ranar kundin sojan ruwan Ingila daga tsakar rana take farawa zuwa tsakar ranar gobe, sai a yi hattara da kwanan wata.

Bakano_a_Dammam:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Na yarda da lagwani, na yarda da gishiri. Amma jiragen da suka zauna Shaɗɗul Arab bayan kama Basra a Nuwamba 1914, ga kogi, ga gonakin dabino, ga iskar kudu maso gabas mai ɗauko laimar teku, ba na jin duk lambar da ta haura 90 kuskure ce. A nan in wannan iska ta juyo, ma'aikatan gini da ƙarfe goma na safe sun fara zubewa, shi ya sa hukuma ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku a watannin zafi.

Injiniya_MK:
Ban ce duka ba. Na ce ba za ka iya rantsuwa a kan ɗaya tilo ba. Ka samo jirage biyu da suka kwana tasha ɗaya rana ɗaya, in sun yi kusa da juna sai mu yi magana.

Dan_Gwammaja:
Wannan zan iya. Jiragen da ke Basra da Abadan a lokacin suna da dama, zan jera kwanakin Yuli da Agusta na biyu ko uku, da zafin ruwa da adadin marasa lafiya a gefe, in saka a nan. Baba, kafin nan, murɗewar jijiya da ake cewa tana kama masu zuba kwal, kun yi fama da ita? Na ga an ce ruwan garin hatsi ake ba su.

Baba_Apapa:
Ta kama ni a ƙafa da ciki, sai ka ga tsoka ta dunƙule tana motsi da kanta. Mu ƙwayar gishiri ake ajiye mana a gwangwani kusa da tulun ruwa, wasu ba sa sha don tana tayar da zuciya. Ni lemon tsami nake matsawa a ruwa in barbaɗa gishiri. In za ka jera lambobin, ka ware na ƙarfe huɗu na asuba daban, lokacin ƙarfen jirgi ya huce kuma rana ba ta taɓa akwatin ba.

UmmuSadiq:
Baba, masu hawan jini dai kada su ji wannan su kama shan gishiri. Ruwan gishiri da sukari na leda ya fi, an auna shi.

DanDamagaram:
In ka saka jadawalin ka yi min alama. Ina so in ga na Basra kusa da na bana.